Kafintan Nuzla da Jita Mai Tsirkiya Huɗu

Duk wanda ya zauna a Nuzla, wata unguwa a Jidda, a shekarun da aka fara rushe gidajen laka da na kwano ana ɗora na siminti, ya san Mu'allim Abdulghaffar kafinta. Dogo ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu, kullum da guntun fensir a bayan kunne. A nan Nuzla aka yanke masa cibiya. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙasa, ya shekara bakwai a hanya, da ya sauke farali kuma bai koma ba. Shi Abdulghaffar Hausar gida kawai ya gada. Idan magana ta yi zafi sai ta zame masa ta koma Larabci, in ya huce ta dawo.

A Balad, tsohon cikin garin Jidda, ya koyi sana'a, a hannun wani tsoho mutumin Hadramaut mai gyaran roshan, wato tagogin katakon nan masu sassaƙa da suke leƙowa daga jikin tsofaffin benaye. Shekara goma sha huɗu ya yi a ƙarƙashinsa kafin ya buɗe tasa warshar, ɗan shago a ƙofar gidansa. Mutane sun shaide shi da aiki mai kyau, sun kuma shaide shi da naci. Idan ƙofa ta ƙi zama daidai, zai cire ta sau goma ya mayar, ko da mai gidan ya ce ta yi haka nan.

Kiɗa kuwa babu abin da ya haɗa shi da shi sai rediyon da ke rataye a warsha. Matarsa Mastura ce mai murya. Uwarta tana cikin matan da ake kira su yi waƙa a bikin mata, ita ma ta bi ta tana budurwa, amma da ta yi aure sai waƙar ta koma ta kicin.

Wata Juma'a bayan la'asar, cikin 1971, yana da shekara talatin da takwas, ya je haraj, kasuwar gwanjo, neman tsohon katako. An baje kayan wani injiniya Bature da ya gama aiki ya tafi. Abdulghaffar ya ga wani ƙaton kabad na katako mai kyau ya saya, da niyyar ya farke shi ya yi ƙofofi. Da aka sauke shi a warsha ya buɗe, sai ga wani dogon akwati a jingine a ciki. Ya buɗe akwatin ya ga jita ja, mai nauyi, ba ta da ramin ciki irin na molo, katako ne guda. Tsirkiyarta huɗu, ta saman kaurinta kamar wayar birkin keke. A ƙarƙashinta littafi biyu na Turanci.

Washegari ya koma wurin dillalin da akwatin a kafaɗa.

"Wannan ba ya cikin cinikinmu, ya shekh."

Dillalin ko ɗagowa bai yi ba. "Mai shi yana ƙasarsu yanzu. Abin da ke cikin kabad na mai kabad ne. Halas, tafi da kayanka."

Da idon kafinta ya fara dubanta. Ya shafa wuyanta, ya duba yadda aka haɗa shi da gangar jiki. Sai ya lura da siraran ƙarafan da aka gindaya a kan wuyan, ya ga tazararsu ba ɗaya ba ce, tana raguwa kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa. Ya ɗauko tef ya auna. Ƙarfe na goma sha biyu ya faɗo daidai tsakiyar tsirkiya, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Ya sake aunawa, haka ya samu.

"Ummu Zakiya," ya kira matarsa, don da sunan babbar 'yarsu yake kiranta, "zo ki ga. Wanda ya yi wannan ba da ka ya yi ba, akwai lissafi a ciki."

Ta zo tana goge hannu, ta ja tsirkiya ɗaya da ɗan yatsa. Wani ɗan gurnani ya fita wanda da ƙyar ake ji. Ta yi dariya. "Bebiya ka kawo mana, Abu Zakiya. Shi ya sa mai ita ya bar ta."

Kwana uku bayan haka, ana zafin nan na azahar da kowa yake rufe shago, yana zaune yana taɓa ta, sai kan jitar ya jingina da jikin kabad ɗin bai sani ba. Ya ja babbar tsirkiya. Kabad ɗin gaba ɗaya ya amsa, wani sauti mai zurfi ya cika warshar, ya ji shi a ƙirji kafin ya ji a kunne. Ya ja ta biyu, ya ja ta uku. Har aka kira la'asar bai tashi daga wurin ba. Kabad ɗin nan bai farke shi ba, kuma daga baya ya gane cewa jitar ta lantarki ce, akwatin da ke ɗaga muryarta ne bai zo tare da ita ba.

Littafi na farko zane ne ya fi yawa a cikinsa: layi huɗu a kwance, gidaje a tsaye, da baƙaƙen ɗigo masu lamba. Wannan bai ba shi wuya ba, don ya saba karanta zanen ƙofa da taga. Layi huɗu tsirkiya ne, gidaje su ne tsakanin ƙarafa, ɗigo wurin sa yatsa. Littafi na biyu kuwa rubutu ne zalla, shi ko harafi ɗaya na Turanci bai sani ba.

A bayan layinsu akwai wani dattijo, Malam Rafi'u, mutumin Zariya, tsohon malamin elemantare. Ya zo hajji ya zauna, yana yi wa wani wakilin jiragen ruwa tafinta. Abdulghaffar ya taɓa gyara masa kujera. Ya ɗauki littafin ya same shi a ƙofar gida yana shan shayi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Malam ya sa tabarau ya jujjuya shafuka. "Mu'allim, da girmanka? Da furfura a gemu za ka zama makaɗi?"

"Baba Malam, ni dai so nake in san abin da aka rubuta."

"Ni kiɗa ba ya gabana, ka sani. Amma ban taɓa hana mai neman sanin abin da ke cikin littafi ba. Zauna."

Haka suka fara, kowace Litinin da Laraba bayan la'asar. Malam ya san Turanci, bai san kiɗa ba. Abdulghaffar bai san ko ɗaya ba, sai dai jitar tana hannunsa. Malam yakan karanta jimla, ya sake karantawa.

"Ya ce ka fara neman saiwa."

"Saiwar me, Baba?"

"Oho. Saiwa dai ya ce. Ya kuma ce kowace waƙa tana da makulli. Ga wani wuri yana maganar sikeli, ko me za a auna? Nan kuma ya ce wani sautin mai kaifi ne." Malam ya cire tabarau. "Anya mutumin nan lafiyarsa ƙalau?"

Sai da suka yi wata biyu suna wannan lalube kafin abin ya fara buɗewa. Abdulghaffar yakan koma gida ya gwada abin da aka fassara masa a kan zanen littafi na farko, in bai yi daidai ba ya dawo su sake duba jimlar. A haka suka gane sikelin nan ba na awo ba ne, matakala ce ta sauti bakwai, na takwas ya maimaita na farko da siririyar murya. Suka gane akwai sauti uku da ake ɗaurewa tare su yi daɗi, na ɗaya da na uku da na biyar. Malam ya sa musu suna dami, saiwa kuwa ita ce ta ƙasan damin, wadda sauran suke tsaye a kanta. Aikin mai wannan jita, in ji littafin, shi ne ya riƙe saiwa, ya kuma san hanyar da zai bi daga wannan dami zuwa wancan ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Abdulghaffar ya sayi littafin rubutu yana zuba duk abin da suka gano da harafin Larabci.

Kullum bayan sallar asuba, kafin ya ɗauki zarto, yana ba jitar sa'a ɗaya, da azahar kuma ya ƙara. Yatsunsa sun saba da guduma, fatarsu ba ta ji komai ba, amma sun ƙi buɗewa. Ƙaramin yatsan kamar ba nasa ba. Yakan kama shi da hannun dama ya ɗora a gidansa, ya saki, ya sake ɗorawa. Zafin Jidda da gumi suka kashe muryar tsirkiyoyin, kuma duk garin bai sami mai sayar da irinsu ba. A littafin ya sami dabarar a tafasa su. Ranar da Mastura ta tarar da su a tukunyarta ta miya suna tafarfasa, sai da maƙwabta suka ji muryarta.

Bayan shekara ɗaya da rabi, wani maƙwabcinsa, Garba mai gyaran rediyo, ya haɗa masa akwatin sauti da kayan cikin wata tsohuwar rediyo, shi kuma Abdulghaffar ya ƙera masa gida na katako. Ranar da aka jona, kofunan shayi suka yi ta rawa a kan tire. Labari ya bazu a layi, har ya kai kunnen Ustaz Hamad.

Ustaz Hamad Bahaushen Sudan ne, gajere mai saurin magana. Da rana direban wani kamfani ne, amma an fi saninsa da kaɗa ud, molon Larabawa mai ƙaton ciki. Yana da ƙungiya ta mutum biyar da ake ɗauka biki: shi, da mai goge, da masu ganga biyu, da mawaƙi mai suna Othman. Ya zo warsha ya tsaya ya ji Abdulghaffar ya hau matakala ya sauko tsaf.

"Ya zol, mutumina, na daɗe ina neman irin wannan. Can Sudan duk ƙungiyar kirki tana da ita yanzu." Ya ba shi faifai uku. "Ka koyi waɗannan. Ranar Alhamis ta sama bayan la'asar ka same mu a Sa'alaba, ɗakin da ke saman shagon mai gasa gurasar tamis."

Abdulghaffar ya haddace waƙoƙin uku gida-gida, yatsa-yatsa. Ranar Alhamis ya sa farar riga, ya ɗauki tasi da kayansa. Aka gaisa, aka zauna. Sai Othman mawaƙi ya yi gyaran murya ya ce mura ta kama shi, a sauke masa waƙar ƙasa kaɗan.

"Tayyib," in ji Ustaz Hamad. "Daga do mu koma si bemol. Yalla."

Abdulghaffar bai san do ba, bai san si ba. Littafinsa da haruffa yake kiran sauti. Kafin ya buɗe baki an fara. Ya sa yatsa inda ya saba, sautin ya fita ya yi karo da na kowa. Ya matsa gida ɗaya, bai yi ba. Ya matsa biyu ya dace, amma da waƙar ta juya sai hannunsa ya koma inda ya haddace. Gumi ya jiƙa masa riga. Mai goge ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Aka tsaya aka sake, haka. A karo na uku Ustaz ya ɗora tafin hannu a kan ud ɗinsa.

"Mu'allim, ma'alesh. Yi haƙuri, hanya ɗaya ka sani zuwa gidan nan, yau kuma an tare ta. Ka zauna ka saurare mu."

Ya zauna har suka gama, jitar a kan cinya, bai sake taɓa ta ba. Da za a watse ya roƙi Ustaz ya rubuta masa do, re, mi, ya nuna masa kowanne a kan ud. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da ya isa gida Mastura ta dubi fuskarsa, ba ta tambaye shi ba, ta ajiye masa abinci. Ya ci loma biyu ya ture.

"Sun yi mini dariya, Ummu Zakiya."

"To sai me? Ka bari?"

"In bari?" Ya ɗago ya dube ta. "Wallahi sai na san kowane gida a wuyan abin nan kamar yadda na san lungunan Nuzla."

Ya koma littafi na farko. Akwai wani babi a tsakiya da ya tsallake tun farko, don ya ga babu waƙa a ciki sai maimaici. Ya kai wa Malam Rafi'u. Babin ya ce sauti ɗaya yana da mazauni a wurare da yawa. Abin da ka samu a wannan tsirkiya, in ka hau gida biyar a ta samanta za ka same shi. In ka tsallake tsirkiya ɗaya ka ƙara gida biyu, ga shi nan da siririyar murya. Kuma siffar dami ba ta sauyawa, duk inda ka kai saiwa, na uku da na biyar suna biye da ita a tazarar da suka saba.

"Ashe samfuri ne," in ji Abdulghaffar. "Kamar wanda nake zana bakan ƙofa da shi. Guda ɗaya ne, katakon ne ake sauyawa."

"To da ka karanta a jere da ba ka sha kunya ba," in ji Malam. "Ɗalibi mai tsallake shafi, ai na ga irinku da yawa."

Ya zana wuyan jitar a jikin wani dogon falanki, ya rubuta sunan kowane gida da harafi da kuma do-re-mi, ya kafe shi a bangon warsha inda yake gani yana fiƙe katako. Kowane mako sauti ɗaya yake ɗauka, ya nemo shi a duk mazauninsa, ido buɗe, sannan ido rufe. Amma ya san wannan kaɗai ba zai fisshe shi ba, don falanki ba ya mura. Sai ya je wa Mastura da roƙo.

"Ki riƙa yi mini waƙa. Duk wadda kika ga dama, daga duk inda muryarki ta faɗa. Kada ki jira ni."

Ta yi kamar ba za ta yarda ba, ta ce ita ta manta. Washegari da hantsi tana tankaɗe, sai ya ji ta ɗauko wata tsohuwar waƙar uwarta. Ya jawo jita ya bi ta yana lalube. Kafin ya kama ta ta gama. Ta ɗauko wata daga sama, ya kama rabi. Tun tana yi da kunya har abin ya zame mata wasa. Takan fara a ƙasa, in ta ji ya zauna daram sai ta ɗaga ba sanarwa, tana leƙowa ta taga tana dariya.

"Ka yi nauyi, Abu Zakiya! Amarya ta shiga ɗaki kai kana bakin ƙofa."

Ita ce kuma ta hana shi yawan surutu da yatsu. Da ya fara sanin hanya sai ya riƙa cika ko'ina da sauti. Ta ce masa uwarta takan ce mai babbar ganga ba ya gasa da mai waƙa, ƙasa yake shimfiɗa mata ta taka. Wata takwas suka yi a haka.

A cikin wannan ne suka ci karo da abin da babu shi a littafi. Waƙoƙin Hausa da na Sudan suna zama lafiya a kan jitar. Amma idan Mastura ta ɗauko ta mutanen Hijaz, akwai wani sauti da duk inda ya sa yatsa sai ta yamutsa fuska.

"Ba nan ba."

Ya matsa gaba.

"Ka wuce."

"Babu komai a tsakani, ƙarfe ne."

"To a kan ƙarfen yake."

Ya kai maganar wurin Malam, suka bi littafi na biyu daga bango zuwa bango, ba su ga an ambaci wani sauti a tsakanin gida da gida ba. Ya tuna ud ɗin Ustaz Hamad, wuyansa sumul yake, babu ƙarfe ko ɗaya. Kwana goma yana juya abin a ransa. Zai iya kauce wa sautin, ya tsaya a kan saiwa da na biyar, babu mai kama shi. Amma ya san akwai gida a wuyan nan da bai shiga ba.

Wata safiya ya shimfiɗa bargo a kan teburin aiki, ya kwantar da jitar, ya kwance tsirkiyoyi. Mastura ta tsaya a bakin ƙofa.

"In ta lalace fa? Babu wata a garin nan."

"In ta lalace ni na lalata, ni zan gyara."

Ya yi bisimilla, ya ɗumama ƙarfen farko, ya sa bakin filaya ya ɗaga shi a hankali. Ɗaya bayan ɗaya ya cire su duka ashirin. Ya yanko siraran farin katako ya cusa a gurabensu da gam, don layin ya zauna ido ya riƙa gani. Ya goge, ya shafa mai, ya bar ta kwana uku. Da ya mayar da tsirkiya ya ja, muryar ta fito da taushi, tana ja kamar ta mutum. Sai dai duk abin da ya kaɗa ya karkace. Da can ƙarfe ne yake gyara masa kuskure, yanzu kuwa in yatsa ya kauce da faɗin ƙwayar shinkafa, kunne zai ji. Kusan sabon koyo ya koma. Wata biyar ya ƙara, Mastura tana waƙa tana cewa "sama kaɗan, ƙasa kaɗan," har ranar da ta kai ƙarshen wata waƙar Hijaz ba ta gyara masa ko sau ɗaya ba.

Bai aika wa Ustaz Hamad ba. Wata Alhamis kawai ya hau benen mai tamis da kayansa, shekara ɗaya da wata biyu bayan zuwansa na farko. Ya yi sallama ya nemi gefe ya jona akwatinsa. Mai goge ya dubi wuyan jitar ya dubi Ustaz.

"Mu'allim, ina ƙarafan?"

"Suna gida cikin gwangwani. Ku fara, Ustaz, daga inda kuka so."

Ustaz ya yi murmushi, ya fara wata ta Sudan ba tare da ya faɗi daga ina ba. Abdulghaffar ya saurari bugu huɗu ya shiga. A tsakiya Ustaz ya ɗaga waƙar da gangan, ya same shi a can yana jira. Ya sauke, haka. Sai ya juya ya shiga ta Hijaz, ya je ya tsaya a kan sautin nan na tsakani ya ƙi tashi, yana kallonsa. Abdulghaffar ya zame yatsa ya zauna a kansa daidai. Othman mawaƙi ya saki waƙa ya ce, "Allah!" Masu ganga suka ƙara wuta. Ba a tsaya ba sai da aka ji kiran magariba.

"Wa ya koya maka, ya zol?" in ji Ustaz suna saukowa.

"Littafi biyu, da wani malami da ba ya son kiɗa, da uwar 'ya'yana."

Daga ranar ya zama na shida a ƙungiyar. Sun yi biki a Nuzla da Sa'alaba, sun je Makka da Ɗa'if. A 1975 suka shiga wani ɗan ɗaki a Balad da aka lulluɓe bangonsa da katifu, suka ɗauki kaset. Hoton Othman ne a jiki, sunan Abdulghaffar ko a baya babu, bai kuma damu ba. Yakan ji kaset ɗin yana tashi daga tasi ko shagon mai shayi, ya ɗan rage tafiya ya saurari ƙasan waƙar, wani lokaci ya girgiza kai don ya ji inda yatsansa ya kauce. Ya kai wa Malam Rafi'u guda. Malam ya karɓa ya ce ba zai saurara ba, amma zai ajiye. Warsha kuwa bai rufe ta ko kwana ɗaya ba. Masu kawo aiki dai sun koyi cewa ranar Alhamis bayan azahar ba a samun Mu'allim.

A 1978 kamfanin da Ustaz Hamad yake wa tuƙi ya gama aikinsa, kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, dole ya tattara ya koma Sudan. Ƙungiyar ta yi wata biyu tana jan ƙafa ta watse. Abdulghaffar yana da shekara arba'in da biyar, wasu suka ce ai ya yi abin da zai yi, ya rataye ta haka nan.

Ana nan sai wani Bahabashe da ya zo a yi masa gadon yara ya ga jitar a jingine. Ya ce su ma suna da 'yar ƙungiya, 'yan ƙasarsu ne ma'aikatan tashar jirgin ruwa, suna haɗuwa ranar Alhamis a wani gida kusa da kasuwar kifi, ba su da mai riƙe musu ƙasa. Abdulghaffar ya ce zai zo.

Ya je. Kiɗan nasu wani iri ne, gangar tana ɗingishi, inda yake zaton bugu zai sauka sai ya ga ya riga ya wuce. Sautukan duk ya san gidajensu, amma ya rasa inda zai sa ƙafa. Ya yi ta shiga yana fita har suka tashi. Mutanen suna da kirki, suka ba shi gahawa, suka ce babu komai.

Ya dawo gida ana shirin magariba, ya jingine akwatin a zaure. Mastura tana tsakar gida tana kwashe shanya.

"Yaya aka yi?"

"Ko ɗaya ban kama ba," in ji shi, yana cire takalmi. Ya zaro wani kaset daga aljihu ya miƙa mata. "Sun ba ni wannan. Ki saurara da kyau, ki ji mini inda gangar take faɗuwa, gobe da safe ki tafa mini. Alhamis zan koma."